Gwanin da Ya Sake Karya Mini Ƙafa

A danginmu mutum biyu ne suka fi kowa hulɗa da kalmar gwani, kuma kowannensu da abin da yake nufi da ita. Na farko yayana, wanda muke ciki ɗaya, dillalin shanu a Kara ta Wudil. Shi a bakinsa kowa gwani ne. Mai furar da yake saya gwana ce, wanzamin da ke yi masa aski gwani ne, jakinsa ma gwanin tafiya ne. In ya ga saniya mai ƙiba ya ce gwanin kyau, in kuwa ramammiya ce aka ba shi ya sayar sai ya ce gwanar haihuwa ce. Na biyu kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, wanda shi sunan da ake kiransa ke nan. Ya yi shekaru a gabas yana karatun Alƙur'ani, ya haddace, ya rubuta da ka, sannan manyan alarammomi suka zauna suka gwada shi kafin su yarda a ce masa Gwani. Yakan ce daga can gabas ɗin kalmar ta zo mana tare da masu karatu, 'yan kasuwa suka are ta ba su mayar ba. Ban taɓa jin ya kira mai sana'a da ita ba. Iyakarsa ya ce, "Wane ya iya." In abin ya burge shi ƙwarai ya ƙara da "sosai".

Ni a lokacin malamin elementare ne, shekaruna ashirin da 'yan kai, da mata da 'yar jaririya. Tsakiyar shekarun hamsin ne, kafin a ba mu mulkin kai. Kalmar ba ta dame ni ba. Nakan rubuta wa yara a allo, gwani, gwana, gwanaye, su maimaita, mu wuce gaba.

Wata Juma'a da kaka, ranar kasuwa, mahaifiyarmu ta aike ni Kara in kira mata Yaya. Ba ma makaranta ranar, na sa farar riga na tafi. Ina tsaye bayansa ina jira ya gama da wasu fatake, sai wani bijimi ya tsinke igiya. Bai soke ni ba. Mutane ne suka watse, wani ya bangaje ni na faɗi, bijimin ya bi ta kaina ya taka mini ƙwaurin hagu. Na ji ƙarar kamar an karya busasshen kara. Abin da na fi tunawa shi ne hulata da ta gangara cikin kashin shanu, ina ta miƙa hannu in ɗauko ta, ban ma san abin da ya same ni ba tukuna.

Aka kira malamin asibiti na ɗakin shan magani. Mutum ne mai natsuwa, Bazazzagi, muna gaisawa da shi a masallaci. Ya yage ƙafar wandon, ya duba, ya ce karaya ce amma fata ba ta fashe ba. Ya ce abin ya fi ƙarfin ɗakinsa. In muna so zai ba mu takarda zuwa babban asibiti a birni, mu bi motar 'yan kasuwa da yamma, a can za su ɗaure ta da farar ƙasar nan tasu mai daskarewa kamar siminti.

Yaya ya ce, "A yanke masa ƙafa? Ga gwani a Achika?"

Malamin asibiti ya ce ba kowace ƙafa ake yankewa ba, amma bai yi musu ba. Ya ce shi ma ya ga mutanen da maɗorin Achika ya ɗora suna tafiya da ƙafarsu. Aka aika wa mahaifiyarmu, ta ce Achika. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni ban san abin da zan ce ba.

Aka ɗora ni a gadon kara, yaran dillalai suka ɗauka a kai suna canji. Na rufe fuska da riga saboda rana. Duk ƙauyen da muka ratsa sai mutane su miƙe suna salati, suna tambayar wa ya rasu, Yaya yana ba su amsa, "Da ransa, da ransa, wajen gwani za mu." Kafin mu isa ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi.

Mun tarar da maɗorin a ƙofar gidansa yana ɗaure damin dawa. Dogon tsoho ne siriri, gemunsa fari, yatsunsa dogaye masu kaushi irin na manomi. Sai da ya ƙarasa ɗaurin ya wanke hannu, aka gaisa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da kasuwa da gajiyar hanya, ni kuwa ina kwance a ƙasa ina cizon leɓe. Sannan ya tsuguna. Ya daɗe yana bin ƙafar da yatsa, daga gwiwa zuwa idon sawu, ya koma sama.

Ya ce, "Ta sha hanya. Kumburi ya yi yawa."

Ya dubi fuskata, ya dubi ƙafar. Can ya kira 'ya'yansa biyu, manyan magidanta, ya ce su kawo kara da man shanu da ƙyallen saƙi. Aka kuma kawo kaza. Ya yi addu'a, ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗaure ta da 'yan tsinke, aka ajiye ta gefe. Haka suke yi a gidan tun kakanni, ɗorin kaza da na mutum tare. Babban ɗansa ya riƙe mini gwiwa, ƙaramin ya kama dunduniya ya ja, tsohon ya danna da tafin hannu. Na yi ihun da aka ji a maƙwabta.

Yaya yana tsaye a kanmu yana ta zuba kirari. "Gwani! Gwani na gwanaye! Kun ga hannu?"

Tsohon bai ɗago ba ya ce, "Ɗan nan, zo ka danne masa kafaɗa, zai fi mini amfani."

Aka jera kara kewaye da ƙwaurin, aka naɗe, aka kai ni wata bukka kusa da zaure inda ake ajiye masu karaya. Aka tokare ƙafar da buhunan rairayi biyu don kada ta motsa. Kazar kuma aka ɗaure ta da igiya a bakin ƙofa.

Zaman ɗori zama ne mai tsawo, ba abin da ke faruwa a cikinsa. Da safe tsohon ya shigo ya taɓa yatsun ƙafata ya ji ko da ɗumi, ya tambaye ni yadda na kwana, ya tafi gona. Matan gidan su aiko da kunu da nono. Ta ƙofa nakan ga ana shigo da dawa da gyaɗa, ana ɗaga jinkar rumbu. Mahaifiyarmu ta zo ta yi kwanaki ta koma. Matata ba ta zuwa, sai dai ta aiko da dambu da labarin jaririya, wai ta fara zama. Kawu Gwani yakan zo a kan jaki, ya kawo mini rubutu in sha, ya zauna a bakin ƙofa yana tilawa a hankali har la'asar. Shi da maɗorin sukan gaisa da girmamawa, amma ba su cika hira ba. Yaya kuwa duk zuwan da zai yi sai ya gaya mini cewa ya cika Kara da labarin gwanin Achika, har wani Bafulatani ya kawo ƙanensa da ya faɗo daga bishiya saboda maganarsa.

Kazar ta riga ni warkewa. Aka kwance mata tsinken, ta ɗan ɗingisa, ta shiga tsakar gida tana tono kamar ba abin da ya taɓa samunta. Kowa ya ce alama ce mai kyau.

Bayan 'yan makonni kumburin ya saɓe gaba ɗaya, karan ya yi sako-sako, tsohon ya zo ya kwance don ya sake ɗaurewa. Ƙafar ta rame, fatar ta yi fari tana saɓa. Ya ɗora babban yatsansa a kan ƙashin ya bi shi ƙasa. Ya sake bi. Ya miƙar da ɗaya ƙafar ya haɗa dugadugan biyu, ya ja da baya ya duba. Ya kira babban ɗansa ya ce ya taɓa. Ɗan ya taɓa, ya dubi ubansa. Aka mayar da ɗaurin. Ni a idona ƙafa lafiya lau take, har na ce masa, "Baba, ta yi kyau ko?" Ya ce, "Ta kama," ya fita. Da yamma na ji yana gaya wa ƙaramin ɗansa ya je Wudil gobe da sassafe ya kira yayana da kawuna.

Suka zo da hantsi. Aka shimfiɗa tabarma a cikin bukkar, tsohon ya zauna daga wajen ƙafata. Da aka gama gaisuwa ya ce, "Ƙashi ya kama, amma a karkace ya kama."

Yaya ya ce, "Ban gane ba, Baba."

"Bakin karayar bai hau kan ɗan'uwansa daidai ba. Ya goce kaɗan. In aka bar shi haka zai tashi, zai yi tafiya, amma sawun zai dubi waje. Yanzu yana da ƙuruciya, ba zai damu ba. In shekaru suka ja, gwiwa da ƙugu za su hana shi sakat."

"Motsi ya yi ke nan. Na ce masa ya kwanta wuri ɗaya."

"Bai motsa ba. Ban taɓa samun mai kwanciya irinsa ba. Ni ne. Kumburi ya ruɗi hannuna. Kamata ya yi in jira ya saɓe kafin in ɗora, na ga yana shan wuya na yi sauri."

Kawu ne ya tambaya ko da abin yi. Tsohon ya ce akwai. Ƙashin ɗanye ne har yanzu, ana iya sake karya shi a daidai wurin a ɗora sabo. In aka ƙara jinkiri zai yi ƙwari, sai dai haƙuri.

Yaya ya miƙe tsaye har kansa ya taɓa jinka. Ya ce, "A sake karyawa? Sa ya karya, kai ma ka karya? Na bi kasuwa ina cewa gwani, gwani, ashe ba gwani ba ne!" Ya juyo wajena. "Yau ɗin nan zan nemo mota in kai ka birni."

Tsohon bai nuna ya ji zafin maganar ba. Ya ce, "In kun kai shi birni ban ce kun yi laifi ba. Abin da nake roƙo kawai kada ku bar shi haka."

Kawu ya ce wa Yaya ya zauna, ya zauna, don ba ya ƙetare maganarsa. Sannan Kawu ya fuskanci maɗorin.

"Malam, ka taɓa yin irin wannan?"

"Na yi. Yawanci ɗorin wasu ne da aka kawo mini bayan ya lalace. Nawa na kaina sau ɗaya, wata mata, tun mahaifina na da rai."

"Duk sun warke?"

"Ba duka ba. Akwai wani mutumin Lajawa da har ya rasu da sanda yake tafiya."

"Da ka yi shiru, yaushe za mu gane?"

"Sai ya fara takawa. Lokacin kuma ba gyara."

Kawu ya jinjina kai. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya yi magana, ba da tsohon ba, da mu. Ya ce lokacin da alarammomi suka gwada shi a gabas, ba su tsaya a kan haddarsa kaɗai ba, don masu hadda suna da yawa. Sai wani ya ɗauki allo ya karanta masa, ya sauya wasali ɗaya da gangan ya wuce da sauri, a ga ko zai tsayar da shi. Daga baya suka ba shi rubutunsa na kansa, wanda ya yi da hannunsa, suka ce ya nemo inda ya yi tuntuɓe. Ya ce wannan ya fi komai wuya, don ido ba ya son ganin laifin hannun mai shi. Ya nemo wuri biyu, suka nuna masa na uku.

Yaya ya ce, "Kawu, allo ana wanke shi. Wannan ƙafar mutum ce."

Kawu ya ce, "Gaskiyarka. Shi ya sa mai ƙafar ne zai faɗa."

Wannan ne karon farko da aka tambaye ni tun da bijimi ya taka ni. Na ce a ba ni lokaci, kuma Yaya ya je ya gaya wa malamin asibiti yadda ake ciki. Ya je ya dawo washegari. Malamin asibiti ya ce abin da tsohon ya faɗa daidai ne, a birni ma sake karyawa za su yi. Bambancin shi ne a can za su sa mini maganin barci, ba zan ji komai ba, kuma suna da na'urar da ke nuna ƙashi ta cikin nama. Ya ce da shi ne, da birni zai je.

Na zaɓi Achika. An sha tambayata dalili, ni ma na sha tambayar kaina. Akwai tsoron mota da hanya, don ban manta da azabar gadon kara ba. Akwai mahaifiyarmu, wadda ta riga ta sa a ranta cewa wanda aka sa wa maganin barci ba ya tashi. Akwai kuma cewa mutumin nan kullum yana taɓa ƙafar, ya san ta, ya san ta inda ta goce, kuma shi da bakinsa ya faɗa. Har yau ban tabbata zaɓin da na yi shi ne daidai ba. Da na je birni wataƙila da ƙafar ta fi haka. Ba yadda za a yi in sani.

Aka yi kwanaki ana gasa wurin da ruwan zafi da ganye, ana mulke shi da man shanu safe da yamma. Ranar da za a yi, da safe ne bayan an karya kumallo, ni dai aka hana ni cin komai. Aka fito da ni tsakar zaure saboda haske. Aka sa taɓarya a ƙarƙashin ƙwaurin, daidai tsohuwar karayar. Aka ba ni guntun fata in ciza. Kawu ya zauna wajen kaina yana karatu. Yaya, wanda ya rantse ba zai kalla ba, shi ne ya zo ya danne mini kafaɗu ba tare da an ce masa ba. Wannan karon bai yi kirari ba.

Na cire fatar daga baki na ce, "Baba, ba a kawo kaza ba."

Ya ce, "Ita nata ɗorin ya yi kyau, a bar ta ta huta."

Ya sa hannu ɗaya sama da wurin, ɗaya ƙasa, ya yi bisimilla, ya saki nauyinsa gaba ɗaya. Ban ji ƙarar ba. Da na farfaɗo an riga an ja an daidaita, tsohon yana bin ƙashin da yatsa, ya kama hannun babban ɗansa ya ɗora a wurin, ya ce, "Me ka ji?" Ɗan ya ce ya hau. Ya sa ƙaramin ma ya taɓa. Sai da su ukun suka yarda sannan aka jera kara. Gumi ya jiƙe rigar tsohon, ya fara naɗe ƙyallen, babban ɗan ya karɓa ya ƙarasa.

Zama na biyu ya fi na farko tsawo. An gama girbi, an sussuke, aka shiga rani ina nan kwance. Da lokaci ya yi aka kwance, ƙashin ya miƙe sambal, sawun yana duban gaba. Amma da aka haɗa dugadugan, ta hagu ta gaza da kamar faɗin yatsa. Tsohon ya auna ya sake aunawa. Ya ce wajen karaya biyu ƙashi ya ci kansa, ba abin da zai iya yi a kai. Ya sassaƙa mini sanda da kansa, ya koya mini yadda zan fara takawa, daga bukka zuwa zaure, daga zaure zuwa gindin tsamiyar ƙofar gida. Na koma Wudil a kan jakin Kawu. Na tarar 'yata tana rarrafe, ta ga baƙo da sanda ta fashe da kuka.

A gari magana ta rabu biyu. Wasu suka ce tsufa ya kama maɗorin Achika, hannunsa ya mutu, ga shaida nan malamin makaranta yana ɗingishi. Wasu suka ce ba kowa ne zai kira dangin mutum ya ce na ɓata ba. Yaya yana cikin na farko, kuma da yake shi ne ya yayata sunan tsohon, shi ne kuma ya fi kowa rushe shi. An yi wata da watanni mutanen Wudil ba sa kai karaya Achika. Bayan 'yan shekaru, da ɗan Yaya ya faɗo daga katanga ya karya hannu, birni ya kai shi, aka sa masa simintin nan, ya warke sarai. Yaya ya dawo yana cewa likitan gwani ne. Sauran gwanayensa na kasuwa kuwa ba wanda ya sauke, mai fura da wanzami da jaki duk suna nan a matsayinsu.

Na taɓa tambayar Kawu kai tsaye, muna zaune a zaurensa, ko shi a ganinsa tsohon gwani ne. Ya ce ba shi da hurumin faɗa. Su a karatu, gwanaye ne ke zama su ce wane ya kai, don su ne suka san wuraren da ake zamewa. Wanda bai san ƙashi ba, yabonsa da zaginsa duk ɗaya ne. Ya ce in ina son amsa in nemi maɗora in tambaye su. Na ce to shi me ya gani. Ya ce, "Na ga mutum ya iya." Na jira in ji ko zai ƙara, sai ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.

Daga wannan shekara ne na fara kasa kunne ga yadda ake amfani da kalmar. Na lura gwaninta a bakin mutane tana da fuska biyu. Ana cewa wane ya gwanance da ɗinki, yabo ne. Amma in yaro ya saki hannu a kan keke ya faɗi, sai a ce garin gwaninta ya ji ciwo. Akwai wani abu na nunawa a cikinta, na a gani a tafa. A daidai lokacin kuma wata kalma ta fara yawa a takardun da ake aiko mana daga ofis, ƙwararre. Ƙwararren malami shi ne wanda ya je horo ya dawo da takardar shaida. Daga baya rediyo ta ɗauka, aka samu ƙwararren likita, ƙwararren injiniya, taron ƙwararru. Ita ƙwarewa ba ta da kirari, tana nufin daɗewa a kan abu har mutum ya san ciki da wajensa. Kalmar tsohuwa ce, mutanen ƙauye sun san ta, amma a hankali ta koma ta masu takarda, aka bar wa masu sana'ar hannu gwaninta. Na yi shekaru ina koyar da Hausa, kuma duk sa'ad da ɗalibi ya tambaye ni bambancinsu nakan yi bayani gwargwado, in kawo misalin maɗinki da likita. Ban taɓa kawo misalin maɗorin Achika ba, don ban san a wane gefe zan sa shi ba.

Na ji labari cewa bayan karayata tsohon bai sake ɗora ƙafa mai kumburi ranar da aka kawo ta ba, ko da mai ita zai kwana yana kuka, kuma bai sake ɗaurewa ba sai 'ya'yansa sun taɓa sun yarda. A hankali mutane suka ci gaba da zuwa, ko da yake ba kamar da ba. Na riƙa ganinsa jefi-jefi ranar kasuwa, ya kawo gyaɗa ko ya zo sayen gishiri. Mukan gaisa. Yakan ce in yi gaba ya gani, ya tsaya yana kallon tafiyata daga baya, sannan ya yi sallama.

Ya rasu dab da samun mulkin kai, da damina. Na je ta'aziyya a kan keke. Bayan an yi addu'a mutane sun ragu, babban ɗansa, wanda ya gaji aikin, ya roƙe ni in shiga zaure in miƙe ƙafar. Na naɗe wando. Ya bi ƙwaurin da yatsa irin yadda uban yake yi, ya tsaya a kan wani ɗan tudu da ni kaina ban san da shi ba, ya ce nan ne. Ya haɗa dugadugan ya duba. Ya tambaye ni ko ƙugu na ciwo, na ce sai in na yi doguwar tafiya. Ya ce in je wajen baduku ya ƙara mini fata biyu a ƙasan takalmin hagu, kada in bari sai ciwon ya zauna. Da na koma Wudil na kai takalmana duka aka ƙara, tun daga lokacin kuma duk sabon da na saya sai ya fara biyawa ta wajen baduku kafin in sa.